Manyan Manhajojin Kwamfuta da Aka Daina Yayi: Me Ɗalibin Hausa Zai Yi da Su?

Gabatarwa

Idan aka tambayi ɗalibi a sashenmu wace irin kwamfuta yake aiki da ita, amsarsa ba ta wuce HP ko Dell ko Lenovo. Wannan kuwa sunan gangar jiki ne kawai. Abin da yake tafiyar da na'urar, ya karɓi umarni daga madannai, ya ajiye fayil a inda za a same shi gobe, ya raba lokaci tsakanin ayyukan da ake yi, shi ne babbar manhaja. Mafi yawanmu Windows muka sani a kwamfuta, sai Android a waya. Amma an yi wasu da dama kafin su, an kuma yi wasu tare da su, waɗanda ko dai kamfanoninsu suka rushe, ko aka daina kula da su, ko kuma suna nan da rai sai dai ba su yi suna ba.

Na ɗauki lokaci ina gwada wasu daga cikinsu, kuma abin da na gani ne nake son in kawo wa 'yan uwana ɗalibai. Maganar ba ta sha'awa ba ce kawai. A ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum da yake bai wa Windows 10, Windows 11 kuwa ba ta yarda ta hau tsofaffin kwamfutoci da yawa, musamman waɗanda ba su da wata 'yar na'urar tsaro mai suna TPM 2.0. Galibin kwamfutocin da ke hannun ɗalibai na hannu ne, irin waɗanda ake sayowa a kasuwanni kamar Computer Village ta Ikeja. Ke nan da yawa daga cikinmu mun zama masu amfani da manhajar da aka daina yayi ba tare da mun zaɓa ba.

Yadda babbar manhaja take mutuwa

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya gane shi ne, ba rashin inganci ne yake kashe babbar manhaja ba. Abin da yake kashe ta shi ne rashin masu rubuta mata ƙananan manhajoji, da rashin masu rubuta mata abin da ake kira direba, wato ɗan tafintan da ke tsakaninta da furinta ko kyamara ko na'urar kama intanet. Mu da muke nazarin harshe ba baƙon abu ba ne a wurinmu: harshe ba ya mutuwa don nahawunsa ya gaza, sai don masu magana da shi sun koma wani wanda ake cin kasuwa da shi.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne OS/2. Kamfanonin IBM da Microsoft ne suka haɗa hannu suka fitar da ita a 1987 domin ta gaji DOS. Da Windows 3.0 ta samu karɓuwa a 1990 sai Microsoft ya janye, ya bar IBM da ita. OS/2 Warp da ta fito a 1994 ta fi Windows ta wancan zamani juriya, ba ta yawan sandarewa, shi ya sa bankuna suka riƙa sa ta a injinan cirar kuɗi shekara da shekaru. Duk da haka masu sayar da kwamfuta Windows suke ɗora wa hajarsu, masu rubuta manhajoji kuma suka bi inda jama'a take. IBM ya daina tallafa mata a ƙarshen 2006. A 2017 wani ƙaramin kamfani mai suna Arca Noae ya fitar da magajiyarta, ArcaOS, wadda ake saya da kuɗi, masu sayen kuwa galibi ma'aikatu ne da suke da tsofaffin ayyukan da ba su son taɓawa.

Akwai kuma mutuwar da ta fi wannan tsanani, kuma mun gan ta da idonmu a Nijeriya. Wanda ya riƙe BlackBerry a farkon shekarun 2010 ya san irin darajar da take da ita. Matsalarta ita ce, rayuwarta a ɗaure take da na'urorin kamfanin da ke can wata ƙasa. An rufe BBM ta gama-gari a ranar 31 ga Mayu, 2019, sannan a ranar 4 ga Janairu, 2022 kamfanin ya kashe hidimomin da tsofaffin wayoyinsa suka dogara da su. Symbian ta Nokia ma ta tafi, wayar ƙarshe da ta zo da ita ita ce Nokia 808 ta 2012. A nan ne bambancin yake: DOS da aka yi a 1981 tana tashi har yau domin ba ta neman izinin kowa, amma manhajar da take buƙatar gaisawa da gidan uwarta kullum, ranar da aka rufe gidan ta zama ado.

DOS da FreeDOS

Wasu daga cikinmu sun taɓa haɗuwa da FreeDOS ba su sani ba. Idan ka sayi sabuwar kwamfuta mai rahusa, ka kunna ka ga baƙin allo da 'yan haruffa suna jiran umarni, to ita ce. Kamfanoni irin su HP da Dell sun sha ɗora ta a kan wasu kwamfutocinsu domin su rage kuɗin lasisin Windows, mai shago kuwa nan take yake goge ta.

Wani ɗalibin jami'a ne a Amurka, Jim Hall, ya fara aikinta a 1994, bayan da ya ji cewa Microsoft zai yi watsi da MS-DOS. Sai a 2006 fitowa ta 1.0 ta bayyana, ta 1.4 kuma ta fito a 2025. Kyauta ce, kuma tana iya tashi daga ƙaramar filasha. Aiki ɗaya take yi a lokaci guda, babu sanarwa, babu abin da zai ɗauke maka hankali. Marubucin nan na Amurka George R. R. Martin ya faɗa a 2014 cewa a kan DOS yake rubuta littattafansa da manhajar WordStar 4.0, a kwamfutar da ba ta haɗe da intanet.

Sai dai ga mai rubutun Hausa DOS tana da babbar tawaya, kuma wannan tawaya ce za ta kai mu ga abin da na fi son ɗalibai su fahimta a cikin wannan maƙala.

Haruffa masu lanƙwasa da bashin da Plan 9 take bin mu

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. An yi yarjejeniya ne cewa lamba kaza tana nufin harafi kaza. Tsarin ASCII na shekarun 1960 gurabe 128 ya tanada, ƙaramin harafin a yana a gurbi na 97. DOS ta faɗaɗa zuwa 256, ta cike sauran da haruffan harsunan Turai da alamomin zane. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ a ciki.

To yaya magabatanmu suka buga kundayen digirinsu? Dabara aka yi. An ƙirƙiri salon haruffa na musamman, irin su Rabiat, inda aka ari guraben wasu alamomi da ba a cika amfani da su ba, aka zana haruffanmu a kansu. Mai bugu yana ganin ƙ a fuskar kwamfuta, amma abin da ke cikin fayil ɗin alamar } ce. Haka ɗ take zaune a gurbin ], ɓ a gurbin ~, manyansu kuma a {, [ da |. Muddin salon haruffan yana cikin kwamfutar, komai lafiya. Da zarar an kai fayil ɗin wata kwamfutar da ba ta da shi, sai ka ga }asa a maimakon ƙasa, ]alibi a maimakon ɗalibi, ~arawo a maimakon ɓarawo. Duk wanda ya taɓa saukar da tsohon kundi daga intanet ya ci karo da wannan. Dabarar ta yi amfani ƙwarai a lokacinta, ba abin rainawa ba ce, amma ɗinki ne a bisa yagewa.

Maganin gaskiya shi ne Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya bai wa kowane harafi na duniya lambarsa ta kansa: ƙ tana a 409, ɓ a 595, ɗ a 599. Saura kuma yadda za a rubuta waɗannan manyan lambobi a fayil ba tare da an lalata tsofaffin fayilolin Ingilishi ba. A nan ne wata babbar manhaja da kusan babu wanda ya sani a cikinmu ta shigo. Sunanta Plan 9, an gina ta a ɗakin bincike na Bell Labs a Amurka, inda aka haifi Unix. A watan Satumba na 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara abin da ake kira UTF-8, kuma Plan 9 ce ta fara aiki da shi daga sama har ƙasa. Hikimar ita ce, haruffan ASCII suna nan a bayit ɗaya kamar yadda suke, haruffa irin namu masu lanƙwasa da na Larabci suna cin bayit biyu, wasu uku ko huɗu, kuma da ganin bayit na farko ake sanin nawa za su biyo baya. Yau fiye da kashi 95 cikin ɗari na shafukan intanet da UTF-8 suke aiki.

Plan 9 kanta ba ta yi kasuwa ba. Fitowarta ta huɗu, wadda ita ce ta ƙarshe daga Bell Labs, a 2002 aka yi ta, ko da yake wasu masu sha'awa sun ci gaba da reshenta mai suna 9front tun 2011. Na kunna ta, kuma zan gaya wa mai karatu gaskiya, ba ta yi wa ɗalibin da yake son buga jinga ba. Tana buƙatar linzami mai maɓalli uku, kuma kusan duk abin da hannu ya saba da shi a Windows ba haka yake a can ba. Amma duk sanda ka tura wa wani saƙo da kalmar ƙauna ta isa da lanƙwasarta, da guminta a ciki.

BeOS da Haiku

A cikin duk waɗanda na gwada, Haiku ce ta fi kwanta mini. Asalinta BeOS ce, wadda kamfanin Be ya ƙera a ƙarƙashin Jean-Louis Gassée, wani tsohon babban ma'aikacin Apple. A 1996 Apple ya nemi sayen Be domin ya samu sabuwar babbar manhaja, ciniki bai faɗa ba, sai ya sayi NeXT na Steve Jobs. Daga manhajar NeXT ne Mac OS X ta fito a 2001, a shekarar da aka sayar da kadarorin Be ga kamfanin Palm a kan dala miliyan 11. A wannan shekarar ce masoya BeOS suka fara sake gina ta daga tushe, aikin da ya ɗauki sunan Haiku a 2004. Sun yi tafiyar hawainiya, domin sai a 2018 fitowar gwaji ta farko da ake kira beta ta bayyana, ta biyar kuma a 2024.

A kan tsohuwar kwamfutar da Windows 10 take ja da ƙyar, Haiku takan tashi cikin 'yan daƙiƙoƙi. Da UTF-8 take aiki tun zamanin BeOS, don haka sunan fayil mai ƙ ko ɗ ba ya ba ta wahala. Akwai LibreOffice a rumbun manhajojinta, ana iya buga takarda a ajiye ta yadda Word za ta buɗe.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take ajiye fayil. A Windows, fayil suna ne da kwanan wata da girma, sai ɗan abin da ba a rasa ba. A Haiku kana iya liƙa wa kowane fayil bayanai na kanka, sannan ka nemo su kamar mai bincike a katin laburare. A ce ɗalibi ya naɗo hirarraki ɗari biyu don nazarin karin harshe. Yana iya liƙa wa kowace hira garin da aka yi ta, da shekarun mai magana, da karin da yake yi, ko Sakkwatanci ko Kananci ko Zazzaganci. Idan ya nemi duk hirarrakin Sakkwatanci na mutanen da suka haura shekara sittin, nan take za su jeru, kuma in ya ƙara wata sabuwa za ta shiga jerin da kanta. Wannan tunani ne na shekarun 1990, har yanzu manyan ba su kamo shi a sauƙi ba.

Amma kada a ruɗu. Ba kowace na'urar kama intanet take ganewa ba, haka furinta da kyamara. Burauzarta, WebPositive, takan yi tuntuɓe a manyan shafuka. Kuma bayanan nan da aka liƙa wa fayil suna iya zubewa idan aka kwafe shi zuwa filasha irin ta Windows ba tare da an dunƙule shi ba. A ganina ta dace da kwamfuta ta biyu, ba wadda za a shiga shafin rajistar makaranta da ita ba.

Wasu a taƙaice

ReactOS tana ƙoƙarin zama Windows ta kyauta tun 1998, har yau a matakin gwaji take, ban ba kowa shawarar ya ajiye kundinsa a kanta ba. KolibriOS ƙarama ce har tana shiga faifan filofi mai megabayit 1.44. MINIX, wadda Farfesa Andrew Tanenbaum ya rubuta a 1987 don koyar da ɗalibai, ita ce ta zaburar da Linus Torvalds ya fara Linux a 1991, kuma daga baya aka gano cewa Intel ya sa wani nau'inta a cikin na'urorinsa, ta yadda miliyoyin mutane suke ɗauke da ita ba su sani ba. A gida Nijeriya ma an yi Wazobia Linux a shekarun 2000, mai magana da Hausa da Yarbanci da Ibo. Ba ta ɗore ba, kuma ina ganin kalmomin kwamfuta da aka fassara mata abin nema ne ga duk mai son yin kundi a kan ƙirƙirar kalmomi.

Haɗarin da ke ciki

Manhajar da aka daina tallafa wa ba ta daina aiki ba ne, gyara aka daina yi mata. Duk kafar da ɓarayin intanet suka gano bayan ranar a buɗe za ta zauna. An daina tallafa wa Windows XP a ranar 8 ga Afrilu, 2014, Windows 7 kuma a 14 ga Janairu, 2020. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle fayiloli a kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin Ingila. Abin lura shi ne, Microsoft ya riga ya fitar da maganin kafar watanni biyu kafin nan, waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sa shi ba ko kuma ba a yi musu ba. Wanda yake kan manhajar da aka bari, kullum a cikin wannan rukuni yake.

Wasu kan ce manhajar da ba a sani ba ɓarawo bai damu da ita ba. Da ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba katanga ba ce. Ƙa'idata ita ce, duk manhajar da ba a yi mata gyara, ba na shiga banki ko imel da ita, kuma in ba dole ba, ba na haɗa ta da intanet sam. Wanda kwamfutarsa ba za ta ɗauki Windows 11 ba, kuma ita kaɗai gare shi, abin da ya fi masa shi ne wani nau'in Linux mara nauyi da ake ci gaba da kula da shi, kamar Linux Mint ko Lubuntu.

Yadda za a gwada, da yadda za a ceto tsofaffin kundaye

Ba sai an goge komai ba kafin a gwada. Akwai manhajoji na kyauta, VirtualBox da QEMU, da suke gina kwamfuta a cikin kwamfuta. Kana ware mata wani yanki na ƙwaƙwalwa da na ma'ajiya, ka nuna mata hoton faifan manhajar da ka sauke daga shafin masu ita, sai ta tashi a cikin taga kamar kowace manhaja. In ta lalace, goge fayil ɗaya ne. Ga manhajojin DOS kuwa DOSBox ta wadatar. Haiku da FreeDOS da ReactOS da 9front duk halal ne a sauke su kyauta. Amma daina sayar da manhaja ba ya nufin mai ita ya yafe haƙƙinsa, don haka tsofaffin Windows da OS/2 ba su shiga wannan sahu ba.

Inda wannan ilimi ya fi amfani a gare mu shi ne ceto aikin magabata. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma a sassan Hausa na jami'o'inmu akwai kundaye da takardun taro na shekarun 1990 da farkon 2000 da suke kwance a faifan filofi da sidi. Filofi maganaɗisu ne, zafi da laima da ƙura suna cin sa, damina a nan kudu kuwa ba ta da tausayi. Wanda ya samu irin wannan faifai, ya nemi na'urar karanta filofi mai shiga ta USB, ya buɗe 'yar kafar kariya da ke kusurwar faifan don kada a rubuta komai a kansa, sannan ya fara kwafe duk abin da ke ciki kafin ya buɗe ko da fayil ɗaya. A kan kwafin ake aiki, ba a kan asali ba. Idan fayil ɗin na WordPerfect ne, LibreOffice takan buɗe shi kai tsaye. In ta ƙi, sai a koma ga manhajar da aka rubuta shi da ita a cikin DOSBox, a fitar da shi a matsayin tsuran rubutu.

Daga nan sai gyaran haruffa. A yi amfani da umarnin nema da musanyawa a mayar da } zuwa ƙ, ] zuwa ɗ, ~ zuwa ɓ, haka ma manyansu. A nan a yi hattara da kundayen nazarin sauti, domin su suna amfani da bakan [ ] na gaskiya wajen rubuta furuci, musanyawar bai-ɗaya za ta mayar da su Ɗ da ɗ. Irin waɗannan sai a bi su ɗaya bayan ɗaya. Idan an gama, a ajiye kwafi ɗaya na tsuran rubutu a UTF-8, ɗaya kuma PDF, a wurare biyu daban, tare da 'yar takarda mai bayanin sunan mai aikin, shekara, da manhajar da aka fara buga shi da ita.